Jiki Magayi: Ciwon Muƙamuƙi Bayan Shan Giya

Muna gaishe ku, mutanen Managil da na ƙauyukan Jazira, da na Mai Wurno, da dukan Hausawan da ke zaune a bakin Kogin Nilu Shuɗi. Muna gaishe da ku na kasuwa, masu albasa da masu dawa, teloli da masu gasa agashe, da matan da ke dafa shayi tun asuba. Muna gaishe da ku na gona, waɗanda ke bin ruwa daga tur'a zuwa hawasha. Allah ya ba mu lafiya duka.

Yau za mu yi magana a kan wani abu da ba a cika faɗinsa a fili ba. Akwai mutumin da, in ya kurɓi giya, sai ya ji wani zafi ya soke shi a muƙamuƙi, nan ƙarƙashin kunne, kamar an caka masa allura. Sai ya dafe wurin, ya yi shiru, ya jira ya wuce. Kashegari ya tafi kasuwa kamar ba abin da ya faru. Ba ya gaya wa matarsa, ba ya gaya wa likita, gama in ya faɗi ciwon dole ya faɗi abin da ya kawo shi.

Wataƙila wani zai ce, “Ina ruwanmu da wannan? Mu ai ba ma sha.” Madalla, Allah ya ƙara tsare ka. Amma kada ka tashi tukuna. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da niyya mai kyau, waɗansu a kan hanyar Makka, waɗansu tare da Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sa'an nan aka faɗaɗa su zuwa Managil a ƙarshen shekarun 1950, mutanenmu suka zama cikin masu cire auduga da masu ban ruwa. Muka zauna a ƙauyuka da kambo tare da kabilu iri iri. Mun san marisa, giyar dawa wadda ta ke 'yar'uwar burukutu. Mun san aragi da a ke yi da dabino. An hana giya a Sudan da doka a 1983, aka zubar da kwalabe cikin Kogin Nilu a Hartum. Dokar 1991 ta sa bulala 40 a kan Musulmin da ya sha. A 2020 aka sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Duk da haka kowa ya san ba a daina dafa ta a bayan gida ba. Mai shan nan kuwa ɗan wani ne, mijin wata ne, ƙanen wani ne. In maganar ba taka ba ce, ka riƙe ta domin wanda ta shafa.

Hausawa sun ce jiki magayi. Allah da ya halicce mu ya sa mana ciwo kamar mai gadi a bakin ƙofa. In mai gadi ya yi ihu da dare, mai gida mai hankali ba ya toshe masa baki, sai ya tashi ya duba abin da ya gani. Wani lokaci akuya ce ta ture ƙyaure. Wani lokaci kuwa ɓarawo ne. Haka ciwon nan ya ke. Sau da yawa ƙaramin abu ne, amma akwai sa'ad da ya ke ba da labarin babban abu. Bari mu bi su ɗaya ɗaya.

Na fari shi ne ma'ajin yawu. Ka sa yatsanka a gaban kunnenka, ka gangaro kaɗan zuwa kusurwar muƙamuƙi. A nan akwai wata tsoka mai laushi wadda aikinta yin yawu ne. Ita ce ta ke kumbura in yaro ya kamu da hangum. Akwai ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Akwai waɗansu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi, da waɗansu biyu ƙanana a ƙarƙashin harshe. Dukansu tare suna yin yawu wajen lita ɗaya kowace rana. Kowace tana da 'yar siririyar hanya da yawun ke bi ya fito cikin baki.

Ku manoman Jazira kun fi kowa gane wannan. Ruwa yana tasowa daga babbar tur'a, ya shiga ƙarama, ya isa hawasha. In laka ko ciyawa ta toshe ƙaramar, aka kuma saki ruwa da ƙarfi, me zai faru? Ruwan zai taru a baya, ya matsa wa gaɓa, har ya nemi fasa ta. To, abu mai tsami yana sa ma'ajin yawu ya saki yawu da ƙarfi farat ɗaya. Marisa tana da tsami, aragi yana da kaifi. In hanyar yawun ta ƙuntata, yawun ba ya samun mafita, sai ya matsa daga ciki. Zafin da mutum ke ji ke nan a kurɓin farko.

Me ke toshe hanyar? Sau da yawa wata 'yar tsakuwa ce da ke ƙulluwa daga cikin yawun kansa. Galibin irin wannan tsakuwa a ma'ajin da ke ƙarƙashin muƙamuƙi a ke samunta. Tana ƙulluwa da sauƙi in ruwan jiki ya yi kaɗan, yawu ya yi kauri. Ku duba fa, mutum ya wuni cikin zafin ranar Jazira yana gumi. Da dare ya sha giya, giya kuwa tana sa yawan fitsari, tana ƙara busar da jiki. Da safe ya tashi bakinsa kamar garwashi. In ya yi ta haka shekara da shekaru, ba abin mamaki ba ne hanyar ta toshe.

Ga yadda za ka gwada da kanka, ba sai da giya ba. Ka tsotsi lemun tsami, ko ka sha ruwan tsamiya, wadda a nan a ke kira ardeb, ko zoɓo marar sukari. In zafin nan ya zo daidai kamar yadda ya saba, ko wurin ya ɗan kumbura sa'ad da ka ke cin abinci, ya sace bayan sa'a ɗaya ko biyu, to, mai yiwuwa ne ma'ajin yawu ne. Ƙaramar tsakuwa takan fita da kanta in mutum ya sha ruwa da yawa, ya riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, yana murzawa a hankali zuwa wajen baki. Babba kuwa sai likita ya cire ta. Amma in wurin ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, ko ka ji ɗanɗanon mugunya a bakinka, ƙwayoyin cuta sun shiga. Kada ka kwana, ka tafi asibiti.

Akwai kuma wanda ya daɗe yana sha, sai kumatunsa biyu suka cika a gaban kunne, ba ciwo ba zazzaɓi. Abokansa suna masa ba'a, suna cewa ya yi ƙiba. Wannan ba ƙiba ba ce. Ma'ajin yawu ne ya girma, kuma sau da yawa yana tafiya tare da lalacewar hanta. Wanda ya ga haka a fuskarsa, ya kamata a duba hantarsa.

Na biyu shi ne haƙori. Haƙorin da ya ruɓe ko ya tsage yana jin tsami da sanyi, zafinsa kuwa yakan bi muƙamuƙi har kunne, mutum ya rasa gane inda ya taso. Yawu shi ne ke wanke haƙora dare da rana. Bakin da ya bushe, haƙoransa suna saurin ruɓewa. Wanda ya bugu kuma ba ya tuna asawaki kafin ya kwanta. Waɗansu suna cizon haƙora cikin barci, giya tana ƙara wannan, sai su tashi da safe gaɓar muƙamuƙi tana ciwo, ba su iya buɗe baki sosai. Maganin wannan yana wurin likitan haƙori. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, gama tana ƙona naman wurin, ba ta kuwa warkar da haƙorin.

Waɗannan biyu su ne akuyar da ta ture ƙyaure. Yanzu ku kasa kunne da kyau, za mu yi maganar ɓarawo.

Na uku shi ne kaluluwa. A wuyanmu, da hammata, da matsematsi, akwai waɗansu 'yan ƙulluttuka da ke tace cuta daga jiki. In ka ji rauni a ƙafa, ka ga kaluluwa ta fito maka a matsematsi, aikinta ta ke yi, in raunin ya warke sai ta koma. Amma akwai wata irin sankara da ke kama waɗannan ƙulluttuka. Wani likita a London mai suna Thomas Hodgkin ya bayyana ta a 1832, har yau kuwa da sunansa a ke kiranta. Tana yawan kama samari da 'yan mata da ke cikin ƙarfinsu, tana kuma kama waɗanda suka manyanta. Likitoci sun lura da wani abin mamaki game da ita. Waɗansu daga cikin masu ita, in sun sha giya ko da kaɗan ce, cikin 'yan mintoci sai ƙullutun ya kama ciwo. In ƙullutun yana wuya kusa da muƙamuƙi, mutum zai ce muƙamuƙinsa ne ke ciwo. Kaɗan ne daga cikin masu cutar ke jin haka, amma wanda ya ji, bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Ga bambancin. Wannan ciwo ba ya zuwa da lemun tsami ko tsamiya, da giya kaɗai ya ke zuwa. In ka shafa wuyanka za ka iya jin ƙullutu mai tauri kamar roba, wanda ba ya ciwo sauran lokaci, ya yi makonni bai koma ba. Wani lokaci akwai gumin dare har riga ta jiƙe, da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da rama ba dalili, da ƙaiƙayin jiki. Tarin fuka ma yana kumbura kaluluwar wuya, yana kawo gumi da rama. Ba mai iya rarrabe su da ido. Sai likita ya ɗebi ɗan yanki daga ƙullutun, a duba da madubin asibiti. Labari mai daɗi shi ne, wannan sankara tana cikin waɗanda a ke warkarwa. Yawancin waɗanda aka gano da wuri, suka kuma gama maganinsu, suna warkewa su koma bakin aikinsu. Tarin fuka ma yana da magani. Abin da ke kashe mutane shi ne jinkiri.

Na huɗu shi ne sankarar baki. Wannan ta shafe mu ƙwarai a Sudan saboda tumbak, garin tabar nan da a ke kwaɓawa da kanwa a cusa a leɓe. Masu bincike sun auna shi, suka tarar yana ɗauke da gubar da ke kawo sankara mai yawa ƙwarai. Giya ma haka. Tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo sankara, musamman ta baki da maƙogwaro. In taba da giya suka haɗu a baki ɗaya, haɗarin yana ninkuwa. In akwai gyambo a cikin baki, aragi zai ƙone shi kamar an zuba barkono, zafin ya harba zuwa muƙamuƙi da kunne. Saboda haka ka ɗauki madubi da rana tsaka, ka ja leɓenka ƙasa, ka duba inda ka ke ajiye tumbak. Ka duba gefen harshe da ƙarƙashinsa. In ka ga gyambo da ya kai mako 3 bai warke ba, ko tabo fari ko ja wanda ba ya gogewa, ko haƙori yana girgiza ba dalili, ko leɓe ya mutu ba ka jinsa, kada ka jira kaka ta yi, kada ka jira a biya kuɗin auduga. Ka tafi yanzu.

Na biyar ba ya jiran ko gobe. Wani lokaci zuciya ce ke ciwo, amma a muƙamuƙi a ke jin zafin. In ciwon muƙamuƙi ya zo tare da nauyi a ƙirji kamar an ɗora maka buhun dawa, ko zafin ya gangara hannun hagu, ga gumi mai sanyi, numfashi yana yankewa, wannan maganar rai ce. A nemi mota ko keken jaki a kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, ko da yana warin giya.

To, jama'a, kun ji abubuwa biyar. Ba mu faɗe su domin kowa ya zama likitan kansa ba. Mun faɗe su domin ku ga cewa tambaya ɗaya ce ke taimakon likita ya rarrabe su: yaushe ciwon ke zuwa, kuma me ka sha? Wannan kuwa ita ce tambayar da kunya ke hana mutum amsawa.

Bari mu yi misali. A ce wani saurayi ne mai tura kaya a kasuwar Managil. Ya tafi asibiti, likita ya ce, “Me ke damunka?” Ya ce, “Haƙori.” Ya ɓoye maganar aragi, ya ɓoye ƙullutun wuyansa a ƙarƙashin rawani. Likita ya duba haƙoran, ya ga ɗaya ya ɗan ruɓe, ya ba shi ƙwayoyi, ya sallame shi. Wa ya cuci saurayin nan? Ya biya kuɗin mota, ya bar aikin yini guda, ya koma gida da cutarsa. Har ma ya ƙara wa kansa haɗari. Akwai maganin da a ke yawan bayarwa domin ciwon dasashi, wanda a ke kira Flagyl, wanda ba a haɗa shi da giya. Farasitamol da yawa yana ɓata hantar mai yawan sha. Asfirin tare da giya yana iya sa ciki ya yi jini. In likita bai san kana sha ba, yaya zai tsare ka daga waɗannan?

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Likita ba alƙali ba ne, aikinsa ya san gaskiya domin ya ba da magani, an kuma ɗora masa riƙon asirin marar lafiya. Ka gaya masa abin da ka ke sha, da yawansa, da tun yaushe. Ka gaya masa ko ciwon na zuwa da abinci mai tsami ko da giya kaɗai. Ka nuna masa kowane ƙullutu. In Larabcinka bai isa ba, ka tafi da wanda ka amince da shi ya yi maka tafinta. Kada ka bari wanzami ya tsaga kumburin, kada kuma a yi maka sakiya a kansa, gama wuta ba ta kai wa tushen cutar, sai dai ta ci maka lokaci.

Mun sani tafiya asibiti ba ta da sauƙi. Yaƙin da ya tashi a Afrilu 2023 ya isa Wad Madani a Disamba na shekarar, mutane da yawa suka gudo Managil, aikin asibitocin garin ya sami cikas ƙwarai, har da cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira. Sojojin gwamnati sun koma garin a Janairu 2025. Saboda haka ka fara da asibitin da ya fi kusa da kai. Likitan wurin shi zai gaya maka inda a ke yin gwajin da ka ke bukata.

Sauran magana ɗaya, ita ce giyar kanta. Wani zai ce, “To, a cire mini tsakuwar in koma sha lafiya.” Abokina, mai gadi ya tashe ka, za ka sallame shi ka koma barci? Littafi Mai Tsarki ya yi gargaɗi a kan buguwa a wurare da yawa, Alƙur'ani kuwa ya hana giya. Yanzu jikinka ma ya ba da tasa shaidar. Ka lissafta kuɗin da ka kai gidan marisa cikin wata guda, ka ga mudu nawa na dawa zai saya wa 'ya'yanka. Mun san ba don jin daɗi kaɗai mutane ke sha ba. Wani gajiya ce, wani bashi ne, wani abin da idonsa ya gani a lokacin gudu ne ke hana shi barci. Allah ya san wannan duka, ba kuwa abin da ke ɓoye gare shi. Wanda ya riga ya san asirinka, bai kuma yashe ka ba, ba ka da dalilin jin tsoron zuwa gabansa ka roƙi taimako.

Amma ku ji wannan gargaɗi. Wanda ya saba sha da yawa kowace rana, in ya yanke farat ɗaya, jikinsa yana iya rawa, ya yi gane gane, har ya faɗi kamar mai farfaɗiya, wannan kuwa yana iya kisa. Irin wannan mutum ya daina da taimakon likita. Ya kuma sami mutum ɗaya mai riƙon amana da zai tsaya tare da shi.

Ku mata, ku iyaye, ku 'yan'uwa, in kun ga naku yana dafe muƙamuƙi, ko kun ga ƙullutu a wuyansa, kada ku fara da gori. Gori yana sa mutum ya ƙara ɓuya. Ki ce masa, “Maigida, na ga wurin nan yana damunka, mu je a duba.” Ka ce wa ƙanenka, “Tashi, ni zan raka ka.” Faɗa yana da ranarsa, amma a fara ceton rai tukuna.

Kai kuma da maganar nan ta shafa, ba mu san sunanka ba, ba kuwa wanda ya ga fuskarka sa'ad da ka ke saurare. Yau da dare ka shafa wuyanka. Gobe da safe ka duba bakinka a madubi. In ka ga ɗaya daga cikin alamun da muka faɗa, ka tafi asibiti cikin makon nan, ka faɗi gaskiya duka.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, ya kawo zaman lafiya a Sudan. Sai wani jiƙon, mu kwana lafiya.